Babi na Bakwai: A Karɓi Mai Jinya Ta Je Ta Huta

Duk gidan da ciwo ya daɗe a cikinsa akwai mutum biyu da ke jin jiki, amma ɗaya kaɗai ake zuwa dubawa. 'Yan dubiya su shigo da lemo da ayaba, su zauna gaban marar lafiya, a yi masa addu'a, a tura ɗan abin da ya sawwaƙa ƙarƙashin matashi. Wadda ta shimfiɗa musu tabarma ta kawo ruwa kuwa, a zaune ta kwana jiya, haka ma shekaranjiya. A bakin ƙofa a ce mata, "Sannu da ƙoƙari, Allah Ya ba da lada." Ta ce amin, ta koma ta kwashe kofuna. Addu'ar daga zuciya take fitowa, ladan ma muna sa rai da shi. Sai dai da wuya ka ji wanda ya tambaye ta yaushe rabonta da barcin awa biyar a jere.

Babukan da suka gabata na marar lafiya ne: abincinsa, maganinsa, tsabtar jikinsa. Wannan na mai jinya ne, kuma abu ɗaya nake son mu tsayar a cikinsa. Wanda ke riƙe da doguwar jinya dole ne a riƙa karɓarsa ya bar gidan gaba ɗaya na kwana biyu ko uku, a kan lokacin da aka yanka tun da wuri, ba sai ya faɗi ba. Shirya wannan kuwa nauyi ne a kan dangi duka.

Mu fara da ganin aikin kansa, domin da yawa daga masu cewa "ai tana gida, ba ta zuwa ko'ina" ba su taɓa kwana ɗaya a ɗakin ba. Ɗauki jinyar mai shanyewar ɓarin jiki, ciwon da hawan jini ya mayar ruwan dare a garuruwanmu. Likita zai ce a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, don kada fatar ƙugu da ta diddige ta mutu ta zama gyambo. Wannan awa biyun ba ruwanta da dare ya yi. Sha biyu a juya shi, ƙarfe biyu a sake, ƙarfe huɗu a tarar ya ɓata shimfiɗa. Sai a ɗaga babban mutum wanda rabin jikinsa ba ya taimaka masa, a zare zanen gado, a goge ledar da ke ƙasa, a sirka ruwa daga filas, a wanke shi, a shafa masa mai, a sa masa wani famfas in da kuɗinsa, in babu a naɗa tsumma. Ranar da babu wuta, da fitilar waya a baki ake yin wannan duka. Kafin a gama an kira assalatu. Da safe ga kunu, cokali-cokali, ana jira ya haɗiye kowanne, domin in ya ƙware abincin na iya bi ta huhu. Kofi ɗaya sai ya ci fiye da rabin awa. Ga wanki yana jira a bokiti. Ranar zuwa gashi kuma a nemo adaidaita sahu da majiya ƙarfi biyu da za su kama shi.

Ko an kwantar da shi a asibiti, aikin bai ragu ba. Ma'aikatan jinya sun yi kaɗan a kan yawan gadaje, saboda haka ɗan'uwa ne zai yi wanka da ba da abinci, shi zai bi layin biyan kuɗi, ya kai jini a gwada, ya fita neman maganin da babu a ciki, ya yi ta buga waya neman mai ba da jini, sannan ya kwana kan tabarma a baranda cikin sauro.

Kowane ciwo da irin nauyinsa. Mai rikicin tsufa yakan fi ruɗewa da yamma. Ya ce sai ya tafi gida alhali yana cikin gidansa, ko uwa ta dubi 'yar da ke wanke ta kullum ta ce ita ce ta sace mata kuɗi, a gaban baƙi. Mai ciwon ƙoda ana kai shi wanki sau biyu ko uku a mako, kowane zama wajen awa huɗu. Uwar mai sikila ba ta san daren da ciwon zai tashi ba, kuma irinta suna da yawa, tunda ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila a Nijeriya duk shekara.

Wa ke ɗaukar wannan? Ba a cika zama a zaɓa ba. Nauyin yakan gangara ne kan wadda ake ganin "ba ta da abin yi": 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, matar ɗan da ke zaune a gidan gado, uwargidan da ita ma shekarunta sun ja, ko yarinyar da za a ce ta ɗan dakata da makaranta har Kaka ta samu sauƙi. Akwai maza da ke jinyar iyayensu maza tsakani da Allah, kuma duk abin da ke cikin babin nan ya shafe su. Amma mafi yawa mata ne, a nan da ko'ina. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a rahotonta na 2018 mata ne ke yin kusan kashi 76 cikin 100 na aikin kula da mutane wanda ba a biya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kashi 70 cikin 100 na sa'o'in da ake ɓatawa wajen kula da masu rikicin tsufa, mata ne ke ba da su. Sauran 'yan'uwa suna Abuja ko Legas ko Yamai, suna turo kuɗin magani. Kuɗin na da amfani ƙwarai, babu mai raina shi. Sai dai wanda ya turo ya kwanta ya yi barci, ita kuwa ƙarfe biyun dare yana nan yana jiranta.

Jiki magayi. Da farko ciwon baya ne da ciwon kai, sai a sha farasitamol a ci gaba. Daga nan barci ya lalace, ko an samu dama ido ya ƙi rufuwa. Abinci ya fita a rai, ko kuma a riƙa cin duk abin da aka samu a tsaye. Mai hawan jini ta manta da nata maganin saboda tana lissafin na wani. A shekarar 1995 wasu masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, ƙarƙashin Janice Kiecolt-Glaser, sun yi wani gwaji mai sauƙin ganewa. Sun samu mata 13 masu jinyar 'yan'uwansu da ke da rikicin tsufa, da wasu mata 13 sa'anninsu da ba sa jinyar kowa, aka yi wa kowace ɗan ƙanƙanin rauni iri ɗaya a hannu. Raunin masu jinya ya ƙara wajen kwana 9 a kan na sauran kafin ya warke. Ashe gajiyar har cikin fata da jini take shiga. A 1999 kuma Richard Schulz da Scott Beach na Jami'ar Pittsburgh suka fitar da sakamakon bin diddigin wasu tsofaffi masu shekara 66 zuwa 96 na tsawon shekara huɗu. Waɗanda ke jinyar miji ko mata kuma suka ce jinyar na takura su, haɗarin mutuwarsu ya ɗara na waɗanda ba sa jinya da kashi 63 cikin 100. Abin lura a binciken shi ne, masu jinyar da suka ce ba su cikin takura ba a ga wannan ƙarin haɗarin a tattare da su ba. Wato abin da ke kayar da mutum shi ne matsin da ba a sassauta masa.

Ciwon jiki ana iya faɗarsa. Wanda ba a faɗa shi ne na zuciya, kuma nan nake so mai jinya ta karanta a hankali. Tun 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya bayyana yadda ƙarfin masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a New York ke ƙarewa sannu a hankali, su da suka fara da zumuɗi. Bayansa Christina Maslach ta nuna cewa abin yakan zo ta fuska uku: gajiyar da barcin dare ɗaya ba ya gusar da ita, bushewar zuciya ga wanda ake yi wa hidima, da jin cewa duk abin da ake yi ba shi da amfani. Ta tsakiyar ce ta fi ciwo a gidajenmu. 'Yar da a watan farko take kuka in ta ga mahaifinta ya kasa ɗaga cokali, a wata na goma sai ta ji ta daka masa tsawa don ya furzar da kunu. Ta fita bayan ɗaki ta yi kuka, ta yi istigfari, ta dawo. Wani dare kuma, tana tsugune tana wanke zanen gado, tunani ya ɗarsu a ranta cewa da ma Allah Ya yanke masa wannan wahala. Sai ta tsorata da kanta, ta ɗauka ita kaɗai ce marar imanin da ta taɓa yin irin wannan tunani, ta binne shi ba ta gaya wa kowa ba.

'Yar'uwa, masu jinya da yawa sun yi wannan tunanin, kuma masu tsananin son iyayensu ne. Alama ce ta cewa ƙarfinki ya kai ƙarshe. Abin da ya kamata ki ji tsoro shi ne a ci gaba a haka, domin daga tsawa ake kaiwa ga fizga, a fara jinkirta canza shimfiɗa, a ba da magani sau biyu ko a tsallake shi saboda kai ya ɗau zafi. Marar lafiya shi ne farkon wanda zai ɗanɗana gajiyarki. In kuwa baƙin ciki ya zauna miki fiye da mako biyu, ba kya jin daɗin komai, ko kin fara jin gara ki mutu ki huta, to wannan ya wuce abin da hutu kaɗai zai gyara. Ki ga likita, kuma ki gaya masa yadda abin yake ba tare da kunya ba.

Na san amsar da ake bayarwa in an ce wa mai jinya ta je ta huta, domin kusan iri ɗaya ce a kowane gida. "Ba komai, ai lada nake nema." "Baba ba ya yarda kowa ya taɓa shi sai ni." "In na tafi wani abu ya faru fa, me zan ce wa mutane?" Girman jinya a addini ba abin musu ba ne. Sayyidina Usman bai halarci Badar ba saboda yana jinyar matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma aka lissafa shi cikin waɗanda suka halarta, da ladansa da rabonsa. Amma akwai wani labarin da Bukhari ya kawo wanda ya kamata dangin mai jinya su riƙe. Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abu Darda'i, ya tarar ya duƙufa ga ibada har ya bar kula da kansa da iyalinsa. Aka kawo abinci, Abu Darda'i yana azumin nafila, Salman ya ƙi ci sai da ya ci. Da dare ya tashi zai yi salla, Salman ya sa shi ya koma ya kwanta, ya sake tashi ya sake mayar da shi, sai can ƙarshen dare suka tashi tare. Ya tuna masa cewa bayan haƙƙin Ubangijinsa, kansa ma yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa ma haka. Da maganar ta je gaban Annabi, ya gaskata Salman. Ku duba yadda Salman ya yi. Bai aika da nasiha daga nesa ba, zuwa ya yi ya kwana a gidan, ya tsaya sai da ɗan'uwansa ya ci ya yi barci.

Wasu ƙasashe sun mayar da hutun mai jinya doka. A Amurka, inshorar lafiya ta tsofaffi takan biya a kwantar da mai ciwon ajali har kwana biyar a jere don kawai mai kula da shi a gida ya huta. A Jamus inshorar kula da marasa ƙarfi tana biyan wanda zai riƙe jinya na wasu makonni a shekara in mai yi ya tafi hutu. Japan ta kafa irin wannan inshora a 2000, da gidajen da ake kai tsoho ya yi 'yan kwanaki ya dawo. A Birtaniya tun Afrilun 2024 ma'aikaci na da damar ɗaukar mako guda a shekara, ba albashi, don kula da wani nasa. Mu ba mu da waɗannan a hannu, kuma ya kamata a ce ana neman su a majalisa. Abin da muke da shi yanzu shi ne yawan dangi, wanda su can suke nema da kuɗi. Mun kuma san darajar hutu bayan wahala. Mace in ta haihu, musamman haihuwar fari, sai a mayar da ita gidan iyaye wankan jego, a ɗauke mata girki da wanki har ta yi arba'in, kuma babu mai cewa ta gudu ta bar mijinta. Wadda ta shekara biyu tana ɗaga tsoho tana sauke shi, kwana uku a wata bai yi mata yawa ba.

Me ya sa sai ta bar gidan? Saboda muddin tana ciki, kunnenta na ɗakin. Ko an ce ta shiga ɗaya ɗakin ta kwanta, tari ɗaya zai tashe ta. Mai riƙon ƙwarya zai leƙo ya tambayi inda aka ajiye sabulu, marar lafiya zai kira sunanta, ita kuma ba za ta iya yin shiru ba. Dare ɗaya ma bai isa ba, domin a daren farko jiki bai yarda an sauke masa kaya ba, za ta yi ta farkawa a lokutan juyi. A dare na biyu ne barcin gaske ke zuwa.

Ba sai an yi nisa ba. Mai hali, in hanya da lafiya, ya kai matarsa ko ƙanwarsa Yankari ta shiga ruwan ɗumin Wikki, madalla. Amma ɗaki mai shiru a gidan 'yar'uwa a wata unguwa ya wadatar, ko ƙauye wajen gwaggo. Sharaɗin shi ne kada a haɗa shi da biki ko suna ko zaman makoki, kuma kada a kai ta gidan da za a miƙa mata jariri ko a bar mata tukunya. Ta yi barci har rana ta take, ta ci abincin da wani ya dafa, ta yi kitso da lalle in tana so, ta yi sallarta a natse ba tana sauraron motsin gado ba. Cikin kwanakin ta tsaya a auna mata hawan jini da sukari. Waya sau ɗaya a yini ta isa, a lokacin da aka yi alkawari.

Sai an shirya kafin wannan ya yiwu. Wanda zai karɓa ya zo tun kwana ɗaya kafin tafiyar, ya yini ya kwana tare da ita, ya ga yadda ake ɗagawa da juyawa, ya koyi kaurin kunun da ba ya sa ƙwarewa. A rubuta sunan kowane magani da lokacinsa a takarda a manna a bango, tare da lambar likita ko ma'aikacin lafiyar da ya san ciwon. A tanadi famfas da magani da kuɗin mota na ko-ta-kwana. Marar lafiya ya zauna a ɗakinsa da ya saba, musamman mai rikicin tsufa, wanda canjin wuri ke ƙara ruɗa shi. Zai yi ƙorafi a ranar farko, wataƙila ya ƙi cin abinci daga sabon hannu, ya yi ta tambayar ina take. A yi haƙuri da shi, a gaya masa gaskiya cewa ta je ta huta jibi za ta dawo. Yawanci kafin kwana na biyu ya sauko. Akwai ma wata riba a nan: ranar da mai jinya ta kwanta ciwo ba shiri, gidan na da mutum na biyu da ya iya aikin.

Kuma kada ya zama sau ɗaya a shekara. Wani nazari da Jessica de Bloom da abokan aikinta suka fitar a Holan a 2009, wanda ya tattara binciken da aka yi kan hutun ma'aikata, ya nuna cewa hutu na ƙara lafiya da walwala, amma amfanin yakan dushe ba da daɗewa ba bayan an koma bakin aiki. Gajeren hutu da ke dawowa duk wata ya fi dogon da za a yi ta alkawarinsa "in abubuwa sun lafa". Sanin cewa ranar Juma'ar ƙarshen wata wani zai zo, shi kansa yana ƙara wa mai jinya ƙarfin kai wa ranar.

Zaman dangi don raba nauyin jinya yana da tasirin da aka auna. Mary Mittelman ta Jami'ar New York ta bi ma'aurata 406 da ɗayansu ke da cutar Alzheimer, wani nau'in rikicin tsufa. Aka ba rabinsu shawarwari a zama shida, huɗu daga ciki tare da sauran dangi, da damar kiran mai ba da shawara duk lokacin da suka matsu. Sakamakon da ya fito a 2006 ya nuna waɗannan sun iya riƙe marar lafiyarsu a gida kusan shekara ɗaya da rabi fiye da sauran kafin a kai shi gidan kula da tsofaffi. Ba wani sabon magani aka ba su ba, dangi ne suka zauna aka raba nauyi.

Yadda ake furta maganar ma yana da muhimmanci. "In kina buƙatar wani abu ki faɗa" ba ta kai ko'ina, domin kara ba za ta bari ta faɗa ba. Ƙani ya ce, "Yaya, daga Juma'a zuwa Lahadi ni zan kwana da Baba, na riga na gaya wa Anti za ki je wajenta." In ta ce ba komai, ya ce ai an gama magana. Wanda aikinsa ko nisa ya hana shi zuwa, ya ware kuɗin da za a biya ma'aikacin jinya na kwanakin, daban da kuɗin magani. Miji kuma ya bar matarsa ta je ta karɓi 'yar'uwarta, in kuwa mahaifiyarsa ce matarsa ke jinya, ya sani alheri take yi masa, kuma shi ne na farko da ya kamata ya nemo mai karɓarta.

Akwai waɗanda ba su da kowa: gwauruwar da ke riƙe da ɗa mai lalurar ƙwaƙwalwa, tsohuwar da ke jinyar tsohonta 'ya'ya sun rasu ko sun watse. Waɗannan suna wuyan unguwa. 'Yan agajin ƙungiyoyin addini da muke gani suna hidima a asibitoci da wuraren taro, matan Islamiyya, zumuntar mata a coci, duk za su iya rubuta gidajen da ke da doguwar jinya a unguwarsu su riƙa karɓa-karɓa, ko da yini ɗaya ne a mako. Limami ya faɗe shi a kan mumbari kamar yadda yake faɗar taimakon marayu.

Mai karatu, in ka ajiye littafin nan ka tuna gidanku ko na maƙwabta. Ka san sunan wadda ke ɗakin. Ka duba kalanda ka zaɓi kwana uku cikin watan nan, ka kira ta yau ka gaya mata ranar da za ka zo da inda za ta je, sannan ka zo a ranar.